Babur mai cc 250 zai iya tsaunukan kurmi da gaɓar teku da goyo da kaya?

Matafiyi_Sabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina shirin tafiyar kwana biyar a kan babur, kusan kilomita 1,200 gaba ɗaya. Kwana biyun farko cikin tsaunuka ne masu kurmi, hanyar kwalta ce amma kwana a kan kwana, kuma taswira ta nuna wuri mafi tsayi ya kusa mita 2,000 sama da teku. Daga nan a gangaro a bi gaɓar teku sauran kwanakin. Babur ɗin cc 250 ne, silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, mai kafireta. Birkin gaba na faifai, na baya na dirom. Akwai goyo, akwai kaya. Ana ta ce mini in ban samu mai cc 600 ko sama ba kada ma in soma. Gaskiya ne? Kuma me ya kamata in duba kafin in tashi?

GiyaBiyar:
Wa alaikumus salam. Waɗanda suka gaya maka ba su yi ƙarya ba. Inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau, saboda iskar can sama ba ta da kauri. A mita 2,000 kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ke nan. Babur irin naka dama ƙarfinsa bai wuce doki ashirin da 'yan kai ba. Ka ɗora mutum biyu da kaya, ka tarar da tirela tana jan ciki a hawa, da me za ka wuce ta? Nemi babba.

Tsohon_Bakanike:
Lissafin @GiyaBiyar daidai ne, amma ba nan matsalar take ba. Ƙaramin inji zai hau, sai dai a giya ta biyu da ta uku, a hankali. Hawa ba ya kashe mutum, gangara ce abin tsoro. Ɗana, kafin ka yi tunanin inji, ka buɗe littafin babur ɗin ka nemi iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka. A irin waɗannan yawanci tsakanin kilo 150 ne zuwa 190. Ka auna kanka da tufafin hawa da hular kwano, ka auna mai goyon, wato wanda za ka goya, ka auna jakunkuna. Kai 75, shi 65, huluna da riguna 10, kaya 25, ka ga an kai 175 tun ba a ɗauki ruwan sha ba. Idan ka haura abin da littafin ya ce, ba inji ne zai fara kuka ba, tayar baya ce da shokozoba da birki.

Matafiyi_Sabo:
Na duba Baba, 180 aka rubuta. Muna daf da iyaka ke nan.

Tsohon_Bakanike:
To ka rage kayan su koma kilo 15. Mai nauyi, wato kayan gyara da ruwa, su zauna ƙasa a jakunkunan gefe, kuma nauyin hagu da dama ya zo ɗaya. Akwatin baya na sama tufafi kaɗai za a sa masa. Duk nauyin da ya wuce gatarin tayar baya yana ɗaga gaba, sai kan babur ya riƙa rawa in ka ƙara gudu. Sannan ka ɗaure shokozobar baya. Akwai zobe mai matakai a jikinta, ka matsar da shi zuwa na kusa da ƙarshe. Yadda za ka gane ya yi: in kun hau ku biyu da kaya, bayan ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarsa, ba fiye ba. Daga nan ka sake saita fitila, don in baya ya zauna hasken sama yake tafiya, ya kashe wa na gabanka ido, kai kuma ba ka ganin kwalta.

Injiniya_Totur:
Bari in ƙara wa maganar Baba lissafi a kan gangara, don mutane suna raina ta. Babur da mutum biyu da kaya, a ce kilo 330. In aka sauko mita 1,000 da birki kaɗai, zafin da zai shiga birkin ya isa ya tafasa ruwa lita 10. Wannan zafin kuwa faifai ɗaya ne da dirom ɗaya za su sha shi.

Abu biyu ke faruwa. Na farko fatar birki ta yi zafi har ta daina kamawa: hannun birki yana nan da tauri, kana matsawa, babur bai tsaya ba. Na biyu ya fi muni, man birki ya tafasa. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya haura digiri 230, amma in ya sha ruwa zai iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga layin, kumfa kuma matsuwa take yi, sai ka ja hannun birki ya taɓo kan babur babu komai. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. In naka ya yi duhu kamar shayi ko ba ka san ranar da aka zuba shi ba, canza shi kafin tafiyar nan. Ka duba murfin kwalbar, an rubuta irin wanda yake sha. Kada ka kuskura ka haɗa DOT 5 da DOT 4, ba jinsi ɗaya ba ne. DOT 5.1 shi ne yake haɗuwa da 4.

Kwana_Kwana:
Ƙa'idar da aka sani: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ka bar inji ya riƙe babur, birki ya zama mataimaki. In za ka taka, taka da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu, ka saki ya huce. Ɗora ƙafa a birkin baya tun daga sama har ƙasa shi ne ke ƙona shi, kuma dirom in ya yi zafi buɗewa yake yi, fatar ta kasa kai masa. Kuma don Allah kada ka saka a firi ko ka kashe inji wai tsimin mai.

Fulogi:
Ai wannan tsimin man shi ya fi kowane tsada.

GiyaBiyar:
Duk na ji, amma ku lura, abin da kuke faɗa yana ƙara ƙarfafa maganata ne. Babban babur faifai biyu gare shi a gaba, faifai a baya, galibi da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Ba inji kaɗai ake saya ba in an sayi babba.

Uwar_Hanya:
Malam GiyaBiyar, babban yana zuwa da nasa nauyin. Mai cc 650 zuwa sama ya kan haura kilo 200 shi kaɗai. A kwanar da take naɗewa kamar za ta koma inda ta fito, a kan hawa, da goyo, wanda bai saba da nauyin ba shi ne zai faɗi a tsaye. Babur ɗin da hannunka ya sani ya fi wanda ka karɓa jiya. A irin hanyar nan ma gudun da za a yi a tsaka-tsaki bai wuce kilomita 40 zuwa 50 a awa ba, ko da wane inji ne. Dubi mashigar Hai Van a Biyetnam, tsakanin Da Nang da Hue: kilomita 21 ce, ta hau kusan mita 500, kurmi a gefe guda teku a ɗaya gefen, kuma yawancin masu hawanta ƙananan babura ne masu cc 110 zuwa 150. Tun da aka buɗe ramin ƙarƙashin dutsen a 2005 yawancin manyan motoci suka koma can, babura suka ci gaba da bin ta sama.

GiyaBiyar:
Mita 500 daban, mita 2,000 daban, Hajiya.

Tsohon_Bakanike:
Nan kam ya yi gaskiya, musamman da yake mai kafireta ne. Mai injekta kwamfutarsa tana rage mai da kanta in iska ta yi ƙaranci. Kafireta ba ta san an hau dutse ba, man da take bayarwa a ƙasa shi za ta ci gaba da bayarwa, sai mai ya fi iska yawa. Alamominsa: babur yana shaƙewa in ka murɗa totur gaba ɗaya, salansa tana baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi da toka, silo, wato juyin inji in ba a murɗa totur ba, yana mutuwa. Amma tun da kwana biyu ne kawai kuma za ka sauko bakin teku, ban ba ka shawarar canza jet ba, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta. In ka sa ƙaramin jet don sama ka manta ka mayar, a ƙasa mai zai yi kaɗan, inji ya yi zafi, wannan kuwa har fistin yana iya ci. Ka tafi da matatar iska sabuwa ko wankakkiya, fulogi biyu a aljihun jaka da sifanarsa, ka ɗan ɗaga silo in kun kai sama. Ya isa.

Fulogi:
Sannan inji mai sanyin iska ba ya son hawa a hankali da babbar giya. In ka ji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sauko da giya, bar shi ya yi juyi. Ka duba baƙin mai kowace safiya, babur a miƙe a wuri mai daidai, ba a kan jak na gefe ba. Ka riƙe rabin lita na ƙari. Wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikinsa za ka saya, don kulocin babur a cikin man yake wanka. Man mota mai sinadarin rage gogayya zai sa kuloci ya riƙa zamewa, kuma a tsakiyar hawa za ka gane.

Shiru_Kake_Ji:
Ina bin muhawarar nan, Allah ya ƙara sani. Tambayata a kan taya ce. Wasu na cewa a rage iska in za a shiga kwana-kwana don ta fi kama ƙasa.

Injiniya_Totur:
A kan kwalta da goyo, a'a. Tayar da iskarta ta yi kaɗan tana lanƙwashewa, ta yi zafi, babur ya yi nauyin juyawa. A bi abin da aka rubuta a takardar da ke manne kusa da kaca ko a littafi, akwai adadi na mutum ɗaya, akwai na mutum biyu. Lambar da ke jikin tayar kanta iyaka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe taya na sanyi, da gejinka na kanka. In ka auna bayan tafiya za ka ga ta ƙaru da PSI 2 zuwa 4 a geji, kada ka sace, haka ya kamata ta yi. Hawa dutse yana sa geji ya nuna ƙarin kamar 1.5 a duk mita 1,000, sanyin can kuma yana rage kusan haka, saboda haka ba abin taɓawa ba ne.

Shekarun taya ma a duba. Akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT da ke jikin taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara biyar robarta ta fara bushewa, ko zanenta na nan, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta riƙo. Zane kuma in bai kai milimita 3 ba kafin tafiyar kilomita 1,200 da kaya, gara a canza. Amma a canza da sauran kwanaki, don sabuwar taya tana da santsi sai ta yi kamar kilomita 150.

Kwana_Kwana:
Mu koma cikin kurmin, don nan ne aka fi faɗuwa. Hanyar kurmi ba ta bushewa gaba ɗaya. Inda rana ke taɓawa a bushe, kwanar da ke cikin inuwa tana jiƙe har azahar, wani wurin har da gansakuka a gefen kwalta. Ga ganyen da ya ruɓe, ga tsakuwar da ruwa ya wanko daga jikin dutse, ga laka da ɓawon itace inda motocin gungume ke fitowa, ga man dizal da manyan motoci ke zubarwa a kwana in tankinsu ya cika. In ka ga launuka kamar bakan gizo a jiƙaƙƙiyar kwalta, dizal ne. Farin fentin hanya da ƙarfen gada ma santsi gare su in sun jiƙe.

Yadda ake shiga kwanar da ba ka ganin ƙarshenta: ka gama rage gudu da sauke giya tun babur na miƙe. Ka tsaya ta wajen kwanar cikin hannunka don ka hango nesa, kada ka yi saurin yankowa ciki. Wanda ya yanko da wuri shi ne kwanar ke tofar da shi waje a ƙarshe. Ka juya kai gaba ɗaya zuwa inda kake so ka fita, sannan ka riƙe totur kaɗan daidai, ka ƙara in hanya ta buɗe. Ka lura da wurin da gefen hanya biyu suke haɗuwa a idonka. In yana matsowa gare ka, kwanar tana ƙara matsewa, rage. In yana gudu daga gare ka, tana buɗewa. Kuma gudunka ya zama wanda za ka iya tsayawa cikin iyakar abin da kake gani, a hannunka. A kilomita 60 a awa kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi.

Uwar_Hanya:
Ƙari a kan kallon nan: babur inda ido ya kafe yake zuwa. Ka kafa wa rami ko bakin kwazazzabo ido, can za ka. Ka kalli hanyar tsira. Sannan in kwana ta matse maka fiye da zato, kada ka miƙar da babur ka damƙi birkin gaba. Tura kan babur ta ɓangaren da kake juyawa, hannun hagu in hagu za ka, na dama in dama, zai ƙara kwanciya. Taya mai kyau tana da sauran riƙo fiye da yadda tsoro ke gaya maka.

Matafiyi_Sabo:
Wannan na tura hannun hagu a je hagu ya ɗaure mini kai, Hajiya.

Uwar_Hanya:
Kana yin sa kullum ba ka sani ba ne. Je fili babu motoci, a kilomita 30 zuwa 40, ka ɗan tura hannun hagu gaba a hankali, za ka ji babur ya kwanta hagu. Ka maimaita har ya zama da niyya kake yi. A filin nan kuma ka gwada birkin gaggawa da goyon da kayan duka, don tazarar ta fi wadda ka saba. Mai goyon ka gaya masa abu uku: ƙafa ba ta sauka daga mataki ko an tsaya, a kwana ya leƙa ta kafaɗarka ta ciki, ba ya hawa ba ya sauka sai ka ce.

DoguwarHanya:
Kwanar hawa mai naɗewa, giya ta ɗaya ko ta biyu, totur a buɗe kaɗan, kuloci a rabi, ƙafa tana shafar birkin baya. Birkin gaba a nan shi ke kayar da mutum. In dole ta sa ka tsaya a kan hawa, riƙe da birkin baya, ƙafar hagu a ƙasa, ka lura ta wane gefe ƙasa ta fi kusa. Ajiye babur kuma a giya ta ɗaya, gabansa yana kallon sama.

Mai_Taswira:
Ba wanda ya taɓo lokaci da mai. Kilomita 1,200 a kwana biyar, 240 ke nan a rana, ya yi. Amma kada ka raba daidai. Kwanakin dutse ka sa 180 zuwa 200, don awa biyar ce a kan sirdi ban da tsayawa. Abin da manhajar taswira ta ce awa huɗu, ka ɗauka shida. Ka shirya isa masauki awa biyu kafin faɗuwar rana, domin a kurmi duhu yana riga ko'ina, kuma asuba da magariba ne lokacin da namun daji ke tsallaka hanya.

Mai kuwa, in tankinka lita 14 ne kana samun kilomita 28 a lita, kada ka ce kana da 390. Da goyo da hawa ka ɗauka 22, wajen 300 ke nan, kuma ka sha mai in ka ci kashi biyu cikin uku. Sauke taswirar a waya tun kana da intanet, don tsakanin duwatsu sabis ɗaukewa yake yi. Ka bar wa wani a gida sunan hanyar da inda za ka kwana kowane dare. Ka bincika ko hanyar a buɗe take ranar da za ka tashi. Zaftarewar ƙasa a Mud Creek ta rufe babbar hanyar gaɓar Kalifoniya a watan Mayun 2017, ba a buɗe ba sai Yulin 2018. Hanyar da ke tsakanin dutse da teku sau da yawa ba ta da ratse na kusa.

Fulogi:
Wayar ma a yi hattara da ɗaure ta a kan babur. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur tana lalata kyamarar iPhone. Silinda ɗaya kuwa ya fi kowa girgiza. A sa mariƙi mai roba ko a bar ta a jakar tanki.

Bakin_Teku:
Kowa ya tare a dutse, kamar gaɓar teku hutu ce. Ba hutu ba ce. Abu na farko iska. Tana bugowa ta gefe a inda dutse ya ƙare ko a kan gada ko bayan ka wuce babbar mota. Ka matse tanki da gwiwa, ka saki kafaɗa, kada ka ƙanƙame kan babur, ka sauke giya ɗaya inji ya riƙa ja. Dogon kaya a baya iska ta fi kama shi, wani dalilin ke nan na bin maganar Baba. Na biyu yashi, iska tana share shi ta tara a kwana da bakin hanya. In ka hau shi, babur a miƙe, ba birki ba ƙarin totur har ka fita. Na uku hazon safe, musamman inda ruwan tekun ke da sanyi. Ƙaramar fitila za ka kunna, babbar dawo maka take yi a ido. Na huɗu masu yawon buɗe ido. Mota za ta taka birki ba sigina don an hango wurin hoto, wata ta fito daga wurin tsayawa ba ta duba ba. Ba su tazarar daƙiƙa uku zuwa huɗu. Kai ma in kana son kallo, tsaya ka kalla.

Mai_Taswira:
In yana da zaɓi, ya bi ta inda teku za ta kasance a hannunsa, don shiga wuraren tsayawa ba sai ya tsallaka hanya ba. A Amurka da ake bin dama, gaɓar yamma daga arewa ake gangarowa kudu. A Ostareliya da ake bin hagu, hanyar Great Ocean mai kilomita 243 daga Torquay ake fara ta a nufi yamma.

Kwana_Kwana:
Ni ban goyi bayan wannan ga mai goyo a iska ba. Hannun teku shi ne hannun bakin rami. Hannun dutse ya fi kwanciyar hankali.

Bakin_Teku:
Hannun dutse kuma shi ne inda duwatsu ke faɗowa, ruwa ke kwanciya. Kowanne da nasa. Abin da ya fi shi ne a duba rana: tafiya yamma da la'asar sakaliya rana tana cikin ido, ga ƙyallin ruwa.

Sai gishiri. Ko ba ka taɓa ruwan teku ba, iskar tana ɗauke da shi, yana sauka a kaca, faifan birki, ƙarfen shokozobar gaba da mahaɗan waya. Kwana biyu sun isa kaca ta fara ja. Kowace yamma in inji ya huce, a ɗauraye da ruwan daɗi mai sanyi. Ruwan zafi yana ƙara wa gishiri ci. Kada a harba ruwa mai ƙarfi a boris ko kaca. A shanya, a sa wa kaca mai, a taka birki sau da yawa a hankali kafin a hau titi. Kuma komai kyawun rairayin bakin ruwa kada ka shiga da babur.

Tsohon_Bakanike:
Tun da an zo kan kaca. Sakinta a tsakiya, a irin wannan babur, yawanci milimita 20 zuwa 30 ne, littafi zai faɗa. Ka juya taya ka nemo inda ta fi tauri, a nan ake aunawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure ta tam. In goyo ya hau baya ya nutse, kacar ƙara miƙewa take, sai ta ci boris ɗin giya ko ta tsinke. Gara ta ɗan saki da ta yi tauri. Mai duk kilomita 500, da kuma bayan kowane ruwan sama, a fesa ta ciki tana da ɗumi. Wankinta da kananzir ne, fetur yana cinye 'yan robobin da ke tsakanin haɗin. In haƙoran faifan da take hawa sun yi tsini ko sun karkace, a canza su tare da kacar gaba ɗaya.

Kayan gyara kuma kada ka kwashi shago. Sifanar da ke kwance tayoyinka biyu, filaya, sukundireba, wayar kuloci ta ƙari, fiyus, mahaɗin kaca, ƙwan fitila, salatif mai ƙarfi, 'yar waya, tocila, ƙaramin famfo. In tayarka mai tiyub ce, ƙarfen cire taya biyu ko uku da tiyub da kayan faci, kuma ka koyi cirewa a gida tukuna. In marar tiyub ce, igiyar toshe huji ta isa, amma bayan toshewa kada ka wuce kilomita 80 a awa har a duba ta daga ciki.

DoguwarHanya:
Sanyi fa. Zafi yana sauka kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000. In bakin teku 28 ne, can sama 15 ne, ga iskar gudu, in aka yi rashin sa'a ga ruwa. Yatsun da suka sandare ba sa jan birki da kyau. Safar hannu biyu, mai kauri da marar nauyi. Rigar ruwa a sa ta tun ana ganin hadari, ba bayan an jiƙe ba, kuma ta zauna a saman jaka. Gilashin hular kwano fari za ka sa. Mai duhu yana da daɗi a bakin teku, amma daga rana ka faɗa inuwar kurmi ko ramin dutse, makanta ce ta 'yan daƙiƙu. In yana yin tururi daga ciki, akwai shafi na biyu da ake maƙalawa, Pinlock, ko ka ɗan buɗe shi kaɗan. Abin toshe kunne ma ka riƙe, ƙarar iska a hula a gudun kilomita 100 tana haura desibel 90, kuma tana gajiyar da mutum. Hutu duk awa ɗaya da rabi, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba.

GiyaBiyar:
Na karanta duka. Har yanzu babu wanda ya amsa mini maganar wuce tirela a hawa.

Uwar_Hanya:
Amsar ita ce ba ya wucewa sai ta ba shi hanya ko an kai inda aka ƙara layi. Sauri ya haifi nawa. Ya ja baya yadda zai ga madubin direban, kada ya manne mata, don a hawa tana iya zamowa baya in ta canza giya, kuma tana toshe masa ganin rami. In ta dame shi ya tsaya minti goma, inji ma ya huta.

GiyaBiyar:
Wannan haƙuri ne, ba magani ba. Shi kaɗai da kaya, na yarda 250 ta isa. Da goyo a kilo 175 cikin 180, ni dai da zan ba da shawara, ko a samu mai cc 400 zuwa 500 ya saba da shi makonni kafin tafiya, ko mai goyon ya hau nasa.

Injiniya_Totur:
In babur biyu ne, to a miƙaƙƙiyar hanya ɗaya ya ɗan karkata hagu ɗaya dama, a kwana kuma a koma layi ɗaya da tazara. Wanda bai kai ƙwarewa ba shi ne a gaba, don kada ya riƙa kora.

Matafiyi_Sabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mai goyon ba ya tuƙi, don haka babur ɗaya ne. Zan rage kaya, in canza man birki da tayar baya, lambarta 4118 ce. Saura abu ɗaya: fatar birkin gaba saura kamar milimita 3. Ta kai ni ko in canza?

Tsohon_Bakanike:
Canza ta, ka riƙe tsohuwar a jaka. A milimita 3 tana da sauran aiki a cikin gari, amma siririyar fata ta fi saurin kai zafi ga man birki, kuma gangarar mita 2,000 da goyo za ta ci ta da yawa. Ka sa sabuwar mako guda kafin tafiya, ka yi ta tsayawa a hankali daga kilomita 50 zuwa 10 kamar sau ashirin, kana barin ta huce a tsakani, don ta zauna a jikin faifan. Ka sa a buɗe dirom ɗin baya ma a goge ƙura a duba fatarsa. In kibiyar da ke jikin hannunsa ta kai alama lokacin da ka taka, ta ƙare ke nan, ƙara ɗaure goro ba zai gyara ba. Faifan gaba kuma an buga iyakar kaurinsa a jikinsa, a auna.